Aljani Ne Ko Hali? Koyarwar Kirista a Kan Aljanu da Matsalar Jiji da Kai

 

1. Gabatarwa

Bari in fara da misali, domin shi ne zai riƙe mana zaren magana har ƙarshe. Mu ɗauka akwai wani magidanci a Sabon Garin Ƙauran Namoda, ma'aikaci mai ɗan muƙami. A waje kowa yabonsa yake yi, ga fara'a, ga ado, ga kyauta muddin akwai idon jama'a. A cikin gida kuwa ba wanda ya isa ya ce masa ya yi kuskure. In matarsa ta kwanta ciwo, abin da ke damunsa shi ne wa zai dafa masa abinci. A ofis, in ƙaramin ma'aikaci ya yi aikin kirki shi ke karɓe yabon, in aiki ya ɓaci sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ranar da wani ya yi masa gyara a gaban mutane, to, gaba ta ƙullu ke nan har abada. Na tabbata ba wani a cikin zauren nan da bai taɓa gamuwa da irin wannan mutum ba.

To, matar ta gaji, ta kai kuka. In ta je wurin tsofaffin unguwa za su ce mata halinsa ne, ta yi haƙuri. In ta je wurin likitan ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa ya ba abin wani suna na asibiti. In kuwa Kirista ce, ta je ɗaya daga cikin majami'un da suka shahara da addu'ar korar aljanu, ana iya ce mata mugun ruhu ne ya shige shi, ta kawo shi a yi masa addu'ar kuɓutarwa. Wannan amsa ta uku ita ce za mu bincika yau: daga ina ta fito, me tsohuwar koyarwar Kirista ta ce a kanta, kuma me ke biyo baya in an karɓe ta.

Ni malamin harshe ne, saboda haka ta ƙofar kalmomi zan shiga. Dalilina shi ne, sunan da aka ba matsala shi ke nuna inda za a nemi magani, shi ne kuma ke nuna wanda za a kama da laifi.

2. Yadda Maganar Ta Iso Arewacin Zamfara

Ƙasar da ta haɗa Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ta san iskoki tun kafin ta san mishan. A zamanin masarautun Zamfara da Gobir bori yana da matsayi har a fada, kuma a Gobir Inna ce shugabar 'yan bori. Bayan Jihadi, wanda a cikinsa Muhammadu Namoda na Alibawa ya yi fice wajen cin Alkalawa a 1808, malamai sun yi ta yaƙi da bori da alƙalami da wa'azi, har da Nana Asma'u da ta tashi tsaye wajen janye mata daga gare shi. Duk da haka kalmominsa sun zauna daram a bakin jama'a.

Addinin Kirista ya shigo yankin ne musamman ta hanyar dogo. A 1929 aka kammala shimfiɗa layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tuƙe a Ƙauran Namoda, domin kwashe gyaɗa da auduga. Ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo da majami'unsu. A 1953 aka danƙa wa limaman Dominikan daga Amurka aikin ɗariƙar Katolika a ƙasar Sakkwato, kuma Gusau na cikin manyan wuraren zamansu. Buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙaura a 1983 ya ƙara kawo ɗalibai da malamai daga kowace kusurwa ta Nijeriya, tare da ƙungiyoyin addu'arsu.

Abin da ya fi shafar mu shi ne fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya daɗe yana yi tare da abokan aikinsa. Linjila da Helenanci aka rubuta ta, kuma tana cike da labaran wasu halittu masu wahalar da mutane. Masu fassara suka ɗauki kalmar da suka tarar, watau aljan. A fassarori dabam-dabam za ku kuma ga baƙin aljan, ko ƙazamin ruhu, ko mugun ruhu.

A nan aka ɗora wa kalma ɗaya kaya biyu. A wurin Bahaushe aljanu jama'a ce kamar mutane, suna aure, suna da sarakuna, akwai farare akwai baƙaƙe, akwai masu imani akwai kafirai, har 'yan bori na cewa suna da birni mai suna Jangare. A koyarwar Kirista kuwa aljanu mala'iku ne da suka yi tawaye suka faɗi, kuma ba nagari ko ɗaya a cikinsu. Babban taron ikilisiya da aka yi a Lateran, cikin Roma, a 1215, ya tabbatar da cewa Allah ya halicce su da kyau, su ne suka lalata kansu da kansu. Saboda haka Bahaushe da Kirista na iya faɗin kalma ɗaya, kowa da abin da ke cikin ransa.

3. Iska da Hali a Bakin Bahaushe

Mu dubi yadda harshenmu ya raba abubuwa biyu. Ɗan bori in iska ta hau shi ana kiransa doki, mace kuwa goɗiya. Makaɗan garaya ko na goge su kaɗa taken iskar, ta hau, ta yi magana da bakinsa, ta yi tafiya irin tata. In ta tashi sauka sai ya yi atishawa ya dawo hayyacinsa, sau da yawa ma ba ya tuna abin da ya faɗa. Alal misali, Ɗan Galadima ɗan sarki ne a cikin iskoki, mai son babbar riga da turare da caca da ɓarin dukiya. Wanda ya ga dokinsa a fage zai ga taƙama iyakar taƙama. Amma da an tashi daga wasa sai mutumin ya koma talakansa mai kunya, kamar ba shi ba.

Ɗaya abin shi ne hali, wanda Bahaushe ya ce zanen dutse ne, ba mai shafewa. Ƙarƙashinsa muke sa girman kai, da jiji da kai, da alfahari, da fankama, da son kai, da kuma ujubu da riya waɗanda muka aro daga Larabci. Ku lura da yadda muke gina jimla. Mukan ce iska ta hau shi, ko aljani ya shafe shi, watau wani ne ya yi masa aiki. Amma mukan ce yana da girman kai, watau kayansa ne, kamar yadda yake da riga. Ko a inda muka ce giyar mulki na ɗibarsa, ai ba mu wanke shi ba, don mashayi shi ya kai ƙoƙo bakinsa.

Ke nan ma'aunin Bahaushe shi ne: iska tana hawa tana sauka, hali kuwa ba ya sauka. Ina roƙonku ku riƙe wannan ma'auni, za mu koma gare shi.

4. Abin da Tsohuwar Koyarwar Kirista Ta Ce

Lalle akwai dangantaka mai ƙarfi tsakanin Shaiɗan da girman kai a addinin Kirista. Sura ta 14 ta littafin Ishaya tana yi wa Sarkin Babila ba'a, wanda ya ƙudura zai ɗaga kursiyinsa sama da taurari, aka jefo shi ƙasa. Sura ta 28 ta Ezekiyel tana makoki a kan Sarkin Taya, wanda kyansa ya kumbura masa zuciya. Malaman farko na ikilisiya, irin su Origen na Iskandariya, suka ce bayan waɗannan sarakuna akwai hoton faɗuwar Shaiɗan kansa. Da Jerom ya fassara Ishaya zuwa Latin wajen shekara ta 400, sai ya kira tauraron asuban da aka ambata a wurin Lusifa, watau mai ɗauke da haske, abin da mu ke kira gamzaki. Daga nan sunan ya manne wa Shaiɗan. Musulmin da ke cikinmu ba za su ji wannan baƙo ba, tun da sun san girman kai ne ya hana Iblis yin sujada ga Adamu, kuma Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a kan kibiru da ujubu a cikin Ihya'u Ulumiddin.

To amma cewa Shaiɗan shi ne farkon mai girman kai magana ce dabam da cewa duk mai girman kai aljani ne a jikinsa. Mu duba Linjila. Waɗanda aka ce suna da aljanu a cikinta duk mutane ne abin tausayi: mutumin da ke zaune a makabarta yana yanka jikinsa da duwatsu a Markus sura 5, yaron da ke faɗawa wuta da ruwa a Markus sura 9, makaho kuma bebe a Matiyu sura 12. Yesu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, bai tsawata wa ko ɗaya daga cikinsu a kan zunubi ba, aljanin ya tsawata wa. Masu girman kai kuwa, kamar Bafarisiyen nan na Luka sura 18 da ya tsaya a Haikali yana lissafa wa Allah kyawawan ayyukansa yana raina mai karɓar haraji, su ne aka yi wa faɗa kai tsaye, ba a kuwa kori kome daga jikinsu ba. A Markus sura 7 an lissafa girman kai cikin abubuwan da ke fitowa daga cikin zuciyar mutum. Wasiƙar Yakubu ta ce sha'awar mutum ce ke jan sa zuwa jaraba. Ko Hananiya na Ayyukan Manzanni sura 5, wanda Bitrus ya ce Shaiɗan ya cika masa zuciya, shi aka kama da laifin ƙaryar da ya yi. Tun a littafin Farawa ma haka abin yake: Adamu ya ɗora wa Hawwa'u, Hawwa'u ta ɗora wa maciji, amma ba wanda ya kuɓuta daga hukunci.

Wanda ya fi kowa tsara wannan magana shi ne Evagrius, wani mai zuhudu da ya zauna a hamadar Masar ya rasu a 399. Ya lissafa miyagun tunani takwas da aljanu ke jefa wa mai ibada: zarin ci, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo, da girman kai. Biyun ƙarshe su ne mafi haɗari, don sukan zo ne bayan mutum ya ci nasara a kan sauran, ya soma jin daɗin tsarkinsa. Evagrius ya yarda da aljanu ƙwarai, amma koyarwarsa ita ce zuwan tunanin ba a hannunmu yake ba, ba shi masauki shi ne a hannunmu. Bahaushe ya faɗi haka a taƙaice: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Daga baya Paparoma Giregori, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya mai da jerin zuwa manyan zunubai bakwai, ya sa girman kai a matsayin tushensu duka.

Saboda haka tsohuwar koyarwa ta raba jaraba da shiga jiki. Jaraba ta kowa ce, maganinta tuba da tawali'u. Shiga jiki abu ne da ba kasafai ake samu ba, kuma wanda ya same shi majinyaci ne. Har yau dokar Katolika ta 1983 ta hana kowane limami yin addu'ar korar aljani sai da izinin bishop, kuma littafin koyarwarsu na 1992 ya ce a fara tabbatarwa ba ciwon ƙwaƙwalwa ba ne. Ashe ma'aunin ya yi kusa da na Bahaushe.

5. Abin da Likitoci Suka Ce

Sunan da Turawa ke kiran wannan hali da shi ya fito ne daga wata tatsuniyar Helenawa, wadda mawaƙin Rumawa Ovid ya rubuta wajen shekara ta 8 ta Miladiyya. Wani saurayi ne kyakkyawa mai suna Narsisu, mai wulaƙanta duk wadda ta so shi. Wata rana ya sunkuya zai sha ruwa a tafki, ya ga hoton fuskarsa, ya kamu da sonta, ya kasa tashi har ya mutu a wurin. Sigmund Freud na Ostiriya ya yi rubutu a kan abin a 1914, kuma a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka. Ni zan kira shi ciwon jiji da kai.

Kundin ya ba da alamomi 9, sai an sami 5 kafin a sa wa mutum sunan: kumbura kai fiye da abin da ya aikata, mafarkin ɗaukaka marar iyaka, ganin shi na dabam ne sai manya za su fahimce shi, yunwar yabo, ganin kome haƙƙinsa ne, amfani da mutane don biyan buƙata, rashin jin zafin wani, hassada, da ɗagawa. Tilas ne kuma halin ya kasance daɗaɗɗe tun daga ƙuruciya, yana bayyana a ko'ina, yana kuma ɓata zama. Hukumar Lafiya ta Duniya, a sabon kundinta da ya fara aiki a 2022, ta daina ware shi da suna, tana auna tsananin lalacewar halayya ne gaba ɗaya. Wannan ya nuna su kansu masana ba su gama daidaita bakinsu ba.

Game da musabbabi, akwai rabon gado akwai na reno. Wani bincike da aka buga a 2015, wanda ya bi yara 565 a ƙasar Holan, ya gano cewa yaran da iyayensu ke nuna musu sun fi sauran yara daraja su suka fi tasowa da jiji da kai, alhali yaran da aka nuna wa ƙauna kawai sun taso da natsuwar zuciya. Kakanninmu sangarta suke kiran wannan. Likitoci da yawa kuma na ganin a ƙarƙashin kumburin akwai zuciya mai rauni da ba ta iya ɗaukar kunya, shi ya sa gyara kaɗan ke jawo fushi mai yawa. Ba ƙwayar da ke warkar da shi. Magani shi ne doguwar tattaunawa da gwani, kuma wahalar ita ce mai ciwon ba ya yarda yana da shi, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ina gargaɗin ɗalibai kada su fita daga nan su shiga liƙa wa kowa wannan suna. Al'adarmu ta ba yabo wurinsa. Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya wasa Sarkin Gobir na Isa iyakar wasawa, ɗan dambe da maharbi sukan yi wa kansu kirari a fage, kuma ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke ciwo. Kowannensu yana da wuri da lokaci. In an bar fage, dokar da ke aiki ita ce yabon kai jahilci.

6. Inda Hanyoyin Biyu Suka Haɗu

Haɗa aljani da jiji da kai abu ne na kwanan nan. Daga shekarun 1970 wata koyarwa ta yi ƙarfi a tsakanin wasu majami'un Fentikos, wadda ke ba kowane mugun hali aljaninsa. Littafin Frank Hammond da matarsa Ida Mae, wanda aka buga a Amurka a 1973, ya jera aljanu rukuni-rukuni, har da na girman kai da na son mallake mutane. A Nijeriya wannan koyarwa ta bazu ta hanyar ƙungiyoyin ɗalibai, sa'an nan ta manyan majami'u irin wadda Daniel Olukoya ya kafa a Legas a 1989. Ba dukan 'yan Fentikos suka karɓe ta ba. Tun a 1972 majami'ar Assemblies of God ta Amurka ta fitar da matsayinta cewa aljani ba ya mallakar mai bi na gaskiya.

A ɗaya ɓangaren, wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Scott Peck, ya buga littafi a 1983 inda ya ce mugunta wani nau'i ne na jiji da kai mai tsanani, alamarta kuwa ita ce ƙin amsa laifi da ɗora shi a kan wasu. Shi kansa Peck ya raba mugun mutum da wanda aljani ya shiga, amma masu karatu da yawa ba su kula da wannan rabewa ba. Da zamanin intanet ya zo sai jerin alamomin likitoci da jerin aljanun masu wa'azi suka gauraya. Aka ɗauko gargaɗin 2 Timoti sura 3 a kan masu son kansu a kwanakin ƙarshe, aka kuma ɗauko sunan Yezebel, matar Sarki Ahab, wadda ta sa aka kashe Nabot da shaidar zur don a ƙwace gonar inabinsa. Aka ce mai jiji da kai ruhun Yezebel ne ke cikinsa. Abin lura shi ne, Littafi Mai Tsarki ya ambaci Yezebel a littattafan Sarakuna da kuma Wahayi sura 2, amma bai ambaci wani aljani mai wannan suna ba.

Ya kamata mu yi wa masu wannan ra'ayi adalci. Wadda ta shekara goma da mutumin da ke ƙaryata abin da ta gani da idonta, har ta fara shakkar hankalinta, in aka ce mata da mugun ruhu take fama, takan ji a karo na farko an yarda wahalarta gaskiya ce. Taron addu'a kuma yana ba ta jama'a bayan kaɗaici. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

7. Abin da Ke Biyo Baya

Duk da haka akwai illoli uku. Ta farko ita ce an ba mai laifi mafaka. Mutumin da babban ciwonsa shi ne ƙin amsa laifi, an ce masa laifin na wani ne. A yi masa addu'a a gaban taro, dukan idanu na kansa, wanda shi ne abin da ya fi so, a ce ya kuɓuta, a ce wa matar ta koma. Bayan mako biyu sai ga jiya ta dawo, don abin da bai hau ba ba zai sauka ba. Wannan dabara ba ta Kirista kaɗai ba ce. Wanda ya taɓa zama a kotu ya ji mai laifi na cewa sharrin Shaiɗan ne. Haka kuma mutanen Zurmi da Shinkafi, da suka sha azabar 'yan bindiga fiye da shekara goma, in sun kira su shaiɗanu zafin rai ne ke magana, kuma da gaskiyarsu. Amma kada mu manta mutane ne masu suna da dangi, kuma mutum ake iya gurfanarwa gaban alƙali.

Ta biyu ita ce an ba azzalumi makami. Zargin aljani ba shi da hanyar ƙaryatawa, don in ka musa a ce aljanin ne ke magana. Wani lokaci mai jiji da kan shi ne ke riƙe da lasifika, kuma duk wanda ya tambaye shi lissafin kuɗi ya zama mai ruhun tawaye. Ku lura kuma, kundin likitoci ya ce rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake samu da ciwon maza ne, amma sunan da aka zaɓa wa aljanin na mace ne, saboda haka a kan mata masu baki ya fi faɗawa. Mun ga inda irin wannan zargi ke kaiwa: a Jihar Akwa Ibom an azabtar da yara da sunan maita, har gwamnati ta yi doka a 2008 ta haramta zargin yaro da ita.

Ta uku ita ce ana iya ɓatar da majinyaci na gaske. Akwai ciwon ƙwaƙwalwa da ke zuwa lokaci-lokaci, mutum ya daina barci, ya yi ta zuba, ya ɓarnatar da dukiya, ya ce shi sarki ne ko waliyyi, bayan makonni ya lafa. Shan ƙwayoyi irin su taramol na iya jawo makamancin haka. Wannan shi ne mai hawa da sauka, shi ya fi kama da iska a idon jama'a, kuma shi ne ke da magani a asibiti, kamar asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Ba dole ne a raba addu'a da asibiti ba. Tun a 1954 Likita Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa likita na iya aiki tare da dangi da masu maganin gargajiya.

8. Kammalawa

Mu koma ga magidancinmu na Sabon Gari. Tambayar da ya kamata fasto, ko dattijo, ko shugaban ofis ya yi ita ce: abin nan yana hawa yana sauka ne, ko kuwa kullum haka yake? Yana zaɓen wanda zai yi wa? Mutumin da ke durƙusa wa Babban Sakatare da safe ya zagi masinja da rana ya san abin da yake yi. In zuwa yake yana wucewa, a kai shi asibiti. In daɗaɗɗe ne mai zaɓen mutane, to hali ne, kuma koyarwar Kirista kanta ta shimfiɗa hanya a Matiyu sura 18: a same shi shi kaɗai, in ya ƙi a koma da mutum ɗaya ko biyu a matsayin shaidu, in ya ƙi a kai gaban jama'a. Ma'aikaci ya riƙa rubuta abin da ya faru da kwanan wata, ya bi ƙa'idar ƙorafi. Matar kuwa kada a mai da ita gidan da ake dukanta da sunan an kori aljani. A bari sai an ga canji a aikace, wata da watanni, don alamar tuba ita ce mutum ya iya cewa ni na yi, ba tare da ya ƙara da amma ba.

Anthony Kirk-Greene, a laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye 10, cikinsu har da kunya da ladabi da mutunci da adalci. Duka goman abubuwa ne da ake koya wa yaro a gida, ana kuma tambayar babba in ya rasa su. Iyaye da malamai da ke nan, wannan aikin namu ne.